Mai Igiya da Laifin da Ba Nasa Ba

Wanda Ya ba mu aron Yaya Ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar bazara, ko shamuwa ba ta iso ba. Daga gare Shi muka fito, can kuma za mu koma, da mai gyaran hanya da masu bin ta. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, shekara huɗu ya ba ni. Ni ne mai karatun gidanmu. Ni nake rubuta wa mai gari wasiƙa, ni ake kira shaida in za a ɗaura aure ko za a raba gado. Shi kuwa Yaya, in ka cire surorin salla, ko baƙi ɗaya bai iya ba. Amma kafin azahar garinmu ya cika har jakunan baƙi suka rasa inuwa.

Da aka shimfiɗa shi a filin salla, liman ya juyo ya ce, “Jama'a, ga ɗan'uwanku zai tafi inda ba a komowa. Duk wanda ya taɓa ɓata wa rai, ya yafe mishi.” Sahu ya amsa baki ɗaya, “Mun yafe.” Ban da mutum guda. Mijin Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, yana tsaye kafaɗarsa na gugar tawa, na kuwa ga bakinsa a rufe gam. Ya yi salla, ya kama makara, ya zuba ƙasa da hannunsa, amma kalmar nan ba ta fito ba. Kowa yana ganin ya san dalili: shekara shida ke nan yana riƙe da Yaya a kan gonarsa da ruwan ƙorama ya binne. Abin da ba wanda ya sani, sai ni da wanda muka rufe, shi ne laifin nan nawa ne. Yaya ya shiga kabari da kayana a kansa. In har aka yi sadakar uku, jama'a suka watse ban buɗe baki ba, na san halina, ba zan ƙara buɗewa ba.

Na zauna a tabarmar karɓar gaisuwa ina cewa “Allah Ya ba da lada,” raina a ɓace. Kada mai karatu ya ɗauka duk zafin rashi ne. Akwai shi, ban musa ba. Amma rabinsa kishi ne, irin wanda na tashi da shi tun muna kiwon awakin Inna. Wata tsohuwa da ta taɓa zama garinmu ta tako a ƙafa tun daga Falanko, ta durƙusa a ƙofar zaure tana faɗin yadda ya ɗauke wa ɗanta aikin hanya shekarar da ya karye a hannu. Wani Buzu ya durƙusar da raƙuminsa, ya gyara amawali, ya ce, “Mutumin nan ya san ƙasa kamar shi ya shimfiɗa ta.” Na yi istigfari a madadinsa, na kuma ji haushin ba a taɓa yin irin wannan saɓon a kaina ba. Mai gari ya share ido da hannun riga ya ce, “Bana wa zai tsaya mana gaban gardin bariki?” Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya bi ta kaina ya wuce bai ko tsaya ba.

Ga wanda bai san garinmu ba, muna gefen gwadaben da ya taso daga Damagaram ya bi ta Tanut ya nufi Agadas. Da can turbar ayari ce, raƙumi kuwa ba ya neman a share masa hanya. Da Nasara suka fara kawo mato, sai aka raba gwadaben gari-gari, kowane gari da yankinsa, aikin dole ba godiya. Kowace shekara kafin damina a kan aiko gardi, dogarin Nasara, daga bariki ya duba: a sare ƙaya, a shimfiɗa karan hatsi inda rairayi ke kama ƙafar mato, a gyara mashigar ruwa. Garin da aka tarar da yankinsa a lalace, sai a kwashe mazansa, ko da ranar shuka ce. A ƙasarmu ta Damargu kuwa wanda ya rasa kwana ukun farko na ruwan shuka, ya san da me zai shiga rani.

Da aka ce kowane gari ya fitar da mai kula da yankinsa, ni ban yi shakka ba ni za a ba. Wa ya iya lissafi in ba ni ba? Har na wanke rigata. Mai gari ya dube ni ya ce, “Malam, kai ka san takarda, shi ya san ƙasa.” Ya miƙa wa Yaya aikin a gaban idona. Yaya ya tuƙa igiyar kaba doguwa, ya ƙulla mata ƙulli a kan kowace gaba, da ita yake auna wa kowane gida rabonsa. Tun daga nan sunansa ya ɓace, daga Buzaye har Fulanin da ke sauka rijiyarmu kowa Mai Igiya yake ce masa.

Mutum ne gajere, mai faɗin tafin ƙafa, ba ya son takalmi. In hadari ya haɗo kowa yana gudu ɗaki, shi sai ya tuɓe riga, ya kifa malafa, ya ɗauki damin tsinkaye ya nufi gwadabe. Can zai tsaya ruwa na dukansa, yana kallon inda yake bi, yana kafa tsinke duk inda ya ga ya fara cin ƙasa. Matarsa ta sha zuwa wurina. “Malam, ka yi wa yayanka magana. Mutum da jikoki yana wasan ruwa!” Da na yi masa maganar sai ya yi dariya ya ce, “Da rani hanyar nan ƙarya take yi mini, Malam. Sai ruwa ya sauka take nuna inda ke mata ciwo.” Malam yake kirana tun ina allon farko, ban kuma taɓa gane ko girmamawa ce ko tsiya ba.

Da kaka, hatsi bai gama shiga rumbu ba, zai fara bin gida-gida yana cewa kowa ya ɗaure kara dami biyu ya ɗora a kan aduwa, inda gara da shanu ba za su kai ba. Mutane su ce, “Haba Mai Igiya, daminar bana jiya ta tafi, kai har ka fara ta baɗi?” Ba ya tanka musu, sai ya tsaya a ƙofar gida shiru har kunya ta sa a ɗaure. Shi dai burinsa guda ne: kafin shamuwa ta sauka a kan gawon masallaci, yankinmu ya ƙare tsaf, don ranar da ruwa ya zo kada wani ya sami dalilin taɓa mana mutum.

Na ga amfanin wannan da idona, ko da yake ban so gani ba. Wata shekara an kwana ana ruwa, gari ya waye kowa da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoƙon iri, sai ga wani sabon gardi a kan doki yana cewa a fito da maza aikin hanya. Yaya ya matso ya kama linzamin dokin a hankali ya ce, “Ranka ya daɗe, sauko mu taka ta tare. In ka sami inda ya lalace, ga hannuna, ka ɗaure. Waɗannan kuwa ka bar su su tafi, laimar nan ba za ta kai gobe ba.” Gardin ya sauko don ya kunyata shi. Suka taka tun daga kan iyakarmu ta kudu har ta arewa, mutumin yana shurin ƙasa da takalmi yana neman aibi. Bai samu ba. Ya sha fura a zauren Yaya ya hau dokinsa. Da maraice mata suka yi ta guɗa a ƙofar gidanmu, ni kuwa na shige ɗaki na ce kaina ke ciwo.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na ce. Yana da algus a awonsa. In ya zo gidan da namiji ɗaya ne, ko gidan da maigida ke kwance, sai ka ga ya naɗe gaba biyu ko uku a damtsensa, ya auna da sauran. Na kama shi ran nan na ce, “Yaya, wannan ai tauye mudu ne.” Ya ce, “Igiya ce ta sha rana ta ƙanƙance. In da zunubi a ciki, rubuta mini shi a allonka.” Abin da ya naɗe ɗin nan kuwa ba ɓacewa yake yi ba, a rabon gidanmu yake warware shi. Hannuna da aka yi don alƙalami shi ke yin kanta a kan galma, shi kuma a kawo masa ƙwaryar nono ana sa masa albarka. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce, “Malam, sannu da aiki.”

Wuri mafi wuya a yankinmu shi ne mashigar ƙorama, arewa da gari. Ƙoramar busasshiya ce wata tara, ka ratsa ta ba ka san ka ratsa ba, amma in aka yi ruwa mai ƙarfi a kan tuddai sai ta taso da hauka. Yaya ba ya ɗaga hanya a wurin. Ƙara zurfafa ta yake yi, ya jera faffaɗan duwatsu da ake ɗaukowa a jaki, don ruwa ya hau kansu ya wuce. Mato in ta zo dole ta rage gudu, ta gangara tana ƙara, ta hau da kyar. Direba ya yi zagi, tafinta ya leƙo ya ce kwamanda, Nasaran bariki, ba ya son ramin nan. Yaya ya durƙusa ya ce, “A gaya mishi ruwan nan ya riga mato zuwa. In an bar shi, rabin yini yake tare hanya ya tafi abinsa.” Ban sani ba ko tafinta yana juya maganar yadda take.

Sai shekarar da kurkunu ya kama shi a ƙafar dama, ana saura kaɗan shamuwa ta zo. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya kira ni ya ɗora mini igiyar a cinya ya ce, “Malam, ka ga yadda nake yi. Ko'ina ka yi yadda ka ga dama, amma ƙorama ka share duwatsunta kawai, ka bar ta a kwance.” Na ce to. Ranar da na fita da igiyar nan a kafaɗa, wallahi ji na yi kamar an yi mini naɗi.

Tun a hanya na ƙudura abin da zan yi. Na ce a raina, shekara da shekaru kwamanda yana ƙorafi a kan ramin nan, jahili ya kasa ganewa, bari mai ilimi ya nuna musu. Da muka isa mashigar na ce a saro rassan ƙaya a cika ramin, a zuba ƙasa da kwanduna a daddage, har hanya ta miƙe daidai da tudun hagu da na dama. Mutane suka tsaya suna kallon juna. Mijin Auta ya ajiye kwandonsa ya matso kusa, don gonarsa ce a gangaren, daf da hanya. Ya ce, “Malam, ba haka ake yi ba. Mai Igiya ya san da wannan?” Na ga idan na ce ra'ayina ne, ba mai ɗaga kwando ko ɗaya. Sai na ce, “Shi ya ce a yi.” Ya dube ni jim kaɗan ya ce, “To, tunda daga bakinka na ji.” Ya sunkuya ya ɗauki kwandonsa. Da hannunsa ya zuba ƙasar da ta kashe masa gona, don bai taɓa jin an ce malam ya yi ƙarya ba.

Kwana huɗu muka gama. Da mato ta zo ta wuce sumul ba ko girgiza, ta tsaya a gaba. Kwamanda ya fito ya taka wurin yana kaɗa kai. Ina tsaye a gaban jama'a da igiya a kafaɗa, na gyara hula. Tafinta ya ce, “Kwamanda ya ce a gai da Mai Igiya, a gaya mishi bana ya yi hankali.” Suka shiga mato suka tafi. Aikina, dabarata, ƙaryata, yabon kuma ya bi ta kaina ya tafi ɗakin mai kurkunu.

Da saƙon ya kai masa ya aiko a kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Me ka yi a ƙorama?” Na faɗa masa, har da ƙarin cewa Nasara ya yaba. Ya rufe ido ya ce, “Mutane sun shiga shirin shuka, ba zan kira su ba. Gobe ka ɗauki galma ka je ka huda tsakiyarta, ko kai kaɗai. Aikin wuni ɗaya ne.” Na ce to. Ban je ba. In rushe abin da na gina da hannuna, don a ce Yaya ne mai gaskiya? Aka yi ruwan shuka, gini bai motsa ba. Aka yi na biyu, bai motsa ba. Hatsi ya fito ya yi kunne. Na fara wucewa ta wurin da gangan don in dube shi.

Ruwa na ukun da azahar ya sauko. Kafin la'asar ƙorama ta taru a bayan ginina ta zama tafki, sannan ta fasa shi gaba ɗaya. Har cikin gari muka ji ƙarar. Da aka ɗauke muka je, babu hanya, babu gonar mijin Auta. Rairayi da rassan ƙaya sun kwanta a kanta har gwiwa, ko ganye ɗaya ba ka gani. Mai gonar yana tsaye a tsakiya, hannuwansa a kan kai.

Bayan kwana biyu gardi ya zo, aka tara mu a ƙofar mai gari. Aka kawo Yaya a kan jaki, ƙafarsa naɗe da tsumma. Gardi ya ce, “Wa ya sa aka toshe ruwa?” Mutane da yawa suka ce Mai Igiya ne ya aiko. Yaya ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, dubawa ce kawai, irin wadda yake yi wa hanya in ana ruwa. Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Sai na ji ya ce, “Da igiyata aka yi aikin. Ni ne.” Gardin ya kaɗe masa rawani da bulala, ya sa aka zaunar da shi a rana har azahar. Aka kwashe mazan gari gyaran mashiga ana tsakiyar noman fari, ciyawa ta cinye rabin gonakinmu. Mijin Auta ya tsaya a kan Yaya ya ce, “Ka san gonata ce a wurin. Na tambaya, aka ce kai ka ce. Ni da kai sai gaban Allah.” Shekarar nan ya sayar da sansa na noma, iyalinsa suka ci anza, ƴaƴan itacen daji na shekarar yunwa, shi ya tafi cin rani kudu. Da ya dawo ya yi rantsuwa Auta ba za ta ƙara taka gidan Yaya ba.

Washegarin ranar rawanin na sami Yaya a zaure da safe, yana naɗe kurkunun a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Da faɗa na shiga, ku ji fa. Na ce, “Wa ya sa ka? Na roƙe ka ne?” Ya ce, “Zauna, Malam, kana tare mini haske.” Na ƙi zama. Ya ce, “Mai kula da hanya dama kowa zaginsa yake yi, na sama da na ƙasa. In an ƙara mini ɗaya ba zai karya ni ba. Kai kuwa da bakinka kake ci. In aka ji ka yi ƙarya da sunana, wa zai ƙara kiranka shaida? Wa zai kawo maka ɗansa karatu?” Na ce, “Wato ko laifina ma ba za ka bar mini ba.” Ya ɗago ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce, “Kai dai tun kana ƙarami ban taɓa gane abin da kake so ba.” Daga ranar bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Yanzu zan rubuta abin da ya fi ƙaryar muni. Bayan shekarar nan, duk inda aka zauna ana yabon Yaya, sai wani ya ce, “Sai dai shekarar ƙorama.” Wani ya ce, “Ai kowa yana kuskure, zazzaɓi ne ya taɓa mishi kai.” Ni kuwa in na ji haka sai wani sanyi ya ratsa ni, kamar na sha ruwan randa da azumi. Shekara hamsin ina jiran in ji an ce “sai dai” a bayan sunansa. Da na samu, ban iya sakinsa ba, ko da yake na san da me aka saye shi.

Yaya kuwa bai daina neman sulhu ba. Kowace kaka sai ya aika wa Auta damin hatsi, kowace kaka a dawo da shi. In ya zo auna rabon mijinta ya naɗe gaba uku a damtse, mutumin ya ce, “Warware. Ba na son alfarmarka.” Ya tsaya sai an auna masa cif. Ranar salla Yaya kan zauna a zaure yana kallon ƙofa, ƴaƴan kowa su shigo, ban da na Auta. Shi ya goye ta tana jaririya lokacin da Inna ke ciwo, shi ya aurar da ita. A ciwonsa na ƙarshe, kwana biyu kafin ya cika, ina zaune a gefensa ya ce, “Auta ba ta zo ba?” Na ce, “Tana hanya.” Tsakanin gidansa da nata bai fi a kira mutum ya ji ba. Magana ɗaya zan je in faɗa wa mijinta ya bar ta ta zo. Na zauna ina tofa masa addu'a.

Ranar sadakar uku da hantsi aka taru, aka yi karatu, aka raba gumba. Liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha, mutane sun fara laluben takalmansu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “A dakata.” Na ce, “Shekarar ƙorama, Yaya bai ce a toshe ruwa ba. Cewa ya yi a bar shi. Ni na toshe, ni na ce shi ya ce. Ya kuma sa ni in je in huda, na ƙi.”

Sai liman ya kama gefen rigata ya ce, “Zauna, Malam, zafin rashi ne.” Wani daga baya ya ce, “Allahu akbar, ku ga tarbiyyar marigayi! Ƙane yana son ɗaukar wa yayansa kaya.” Jama'a suka fara kaɗa kai suna sa wa Yaya albarka. Ku duba fa, na tsaya ina tona wa kaina asiri, shi ake yabo. Haushin da ya taso mini shi ya ba ni ƙarfin da tsoron Allah bai ba ni ba. Na fisge rigata, na ɗauko Alƙur'anin da aka gama karatu da shi, na ɗora hannu na maimaita maganar tun daga farko, ban rage ko kalma ba.

Wannan karon ba wanda ya ce Allahu akbar. Mijin Auta ya taso daga inda yake, ya ratso mutane ya tsaya a gabana. Ya tsufa a shekara shidan nan, ban lura ba sai ranar. Ya ce, “Na ji. Abu ɗaya zan tambaye ka, Malam. Me ya hana ka faɗa yana da rai?” Ina da amsoshi a shirye, na tsoro, na kunya, na cewa shi ya hana ni. Hannuna kuwa yana kan Littafi. Na ce, “Shi kaɗai ne aibin da na taɓa ji ana faɗa a kansa. Daɗi nake ji.”

Bai zage ni ba. Ya juya ya fuskanci jama'a ya ce, “Ku shaida, ba ni da abin da zan yafe wa Mai Igiya. Ni ne mai neman ya yafe mini, ga shi kuma ba ya nan.” Ya sa takalmi ya nufi maƙabarta shi kaɗai. Mutane suka tashi ɗaya-ɗaya, wasu suka yi mini sallama, da yawa ba su yi ba. Mai gari ya ce a kai masa tawadarsa da takardunsa da ke wurina.

Na shiga cikin gida. Mata sun riga sun ji, suka dare suka ba ni hanya. Auta tana zaune a ƙofar ɗakin Yaya, ɗakin da rabonta da shi shekara shida, ta shigo shi ran Talata bayan an riga an rufe masa fuska. Tun tana koyon magana Yaya Ƙarami take ce mini. Ta ɗago ido, ba hawaye a ciki, ta ce, “Malam, kullum da safe ta ƙofar gidan nan nake wucewa da tulu. Ina jin tarinsa daga zaure, in ƙara sauri.” Sannan ta ce, “Ya tambaye ni?”

Na ce, “Ya tambaya.”

“Me ka ce mishi?”

Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai, ta jawo mayafinta ta rufe fuska.

Ya Allah, ga bawanKa Mai Igiya ya zo maKa da ƙafa ba takalmi. Ka yalwata masa makwanci, Ka sauke masa abin da ya ɗauka wanda ba nasa ba, ni na karɓi kayana. Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya yi masa fatiha, ya kuma gyara labarin in ya ji ana faɗinsa a karkace. Auta kuwa yau kwana goma sha ɗaya, in mun haɗu a hanyar rijiya tana gaishe ni yadda ake gai da malamin wani gari.